Labulen Banɗaki: Yadda Na Yi Asarar Atamfar Inna

Yau a banɗaki hirar tamu za ta tsaya, kada ku yi dariya.

Da na tare a sabon gida, sai na tarar wurin wanka da masai a haɗe suke, babu abin da ya raba su. In an buɗe shawa ruwa ya fantsama ko'ina, har rannan ƙanwata ta zame a kan tayil. Na ce to, labule zan ɗinka. Na ɗauko atamfar da Inna ta ba ni, na kai wa tela. Kyau kam ya yi. Amma wallahi ko wata biyu ba a yi ba, ƙasansa ya yi baƙi da fumfuna, ga wari. Laifina ne. Atamfa auduga ce, tana shan ruwa ta riƙe, banɗakin kuma taga ɗaya ce 'yar ƙarama.

To in za ku yi naku, ku fara da awo. Na kanti galibi wajen santimita 180 ne tsawo da faɗi, da huji 12 na zobba. Ku auna ƙarfen ratayar, ku ƙara kamar taƙi guda a faɗi don ya rufe gefe da gefe. Tsawon kuma kada ya taɓa ƙasa.

Sai yadi. Foliyesta ya fi saurin bushewa. In kuma atamfar kuke so, ku wanke ta kafin a yanka, don auduga tana tsukewa, sannan ku rataya labulen leda ta ciki, shi zai sha ruwan. Faɗin atamfa bai kai 180 ba, dole a haɗa falle biyu, ku ce wa tela ya daidaita zanen a wurin haɗin. Kalmasar ƙasa ya yi ta da kauri, don kada labulen ya riƙa manne muku a jiki.

In buga zane za ku bayar a yi, don Allah banda sunan Allah ko aya. Banɗaki ne fa.

Bayan wanka a ware shi ya sha iska, kada a bar shi a tattare.

Ni dai har yau ban gaya wa Inna ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.