Ɗan Ɗaki Domin Tsohuwa

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-10, 1 Timoti 5:4-8



Karatunmu na yau ya ba mu labarin wata mace a Shunem wadda ta lura annabi Elisha yakan bi ta garinsu. Ta yi shawara da mijinta, suka gina masa ƙaramin ɗaki a kan bene, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Elisha baƙo ne a gare su. To, in an yi wa baƙo haka, ina ga uwar da ta goya mu, da uban da ya yi noma ya ciyar da mu?

Da yawa daga cikinmu da ke aiki ko kasuwanci a Bodinga da Shagari mun baro iyayenmu a ƙauye. Mukan ce, sai mun tara kuɗin siminti da kwano za mu ɗauko su. Shekara tana bin shekara, farashi yana hawa, tsohuwa kuwa ƙarfinta yana raguwa. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti cewa kula da iyaye aikin 'ya'ya ne da jikoki tun kafin ya zama na ikilisiya, wanda kuma ya yi watsi da nasa ya ƙaryata bangaskiyarsa.

Allah ya riga ya ajiye kayan ginin a ƙarƙashin ƙafafunmu. A ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ya zama tanda ga tsoho. Bangon tubali mai kauri yana tare zafin rana, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Azarar giginya ba ta saurin cin gara. Mu gina ɗakin a gefen tsakar gida, inda tsohuwa za ta ji muryar jikoki. Kada dokin ƙofa ya yi tsawo, don kada ta yi tuntuɓe. Makewayi ya kasance kusa. Mu sa indararo, mu sabunta yaɓe kafin damina. Mu dasa darbejiya ta yamma da ɗakin, domin ƙasarmu tana bakin hamada, kuma wanda ya sare itace ya kamata ya dasa wani.

Matasan ikilisiya za su iya yin gayya su kwaɓa ƙasa ranar Asabar, mata su taimaka da ruwa.

Ubangijinmu ma, yana kan gicciye, sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, shi kuwa ya kai ta gidansa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe zukatanmu da gidajenmu ga iyayenmu tun suna da rai. Ka ba mu ƙarfin hannu da haƙuri. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.