Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda: Awon Ruwan Sama A Makaranta

Maganar yau a kan yaran ƙaramar sakandare ce na Yankwashi, da Roni, da Gwiwa, da Kazaure, har da maƙwabta na Babura. Yaro kan haddace lissafi a allo, amma in an kai shi gona ya kasa auna komai.

To, malami ya nemi gwangwani wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya da damina yara su auna zurfin ruwan da rula, su rubuta, su zubar. Milimita 1 a gwangwani, lita 10,000 ke nan ta sauka a hekta guda. Milimita 20 kuwa, yara su ninka da kansu.

Haka kuma irin gero. A jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako guda a ƙidaya waɗanda suka tsiro. In 60 ne kaɗai, gara uban yaro ya sani tun bai yi asarar ruwan shuka ba.

Ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai kada awaki su ture gwangwanin. Magatakarda su riƙa karɓar jimlar kowane wata daga makaranta.