Ladubban Majalisa da Amanar Mai Jan Ragamarta

 

Abin da na ɗauko in yi bayani a kansa shi ne ladubban majalisa, wato yadda jama'a za su zauna, ko a zauren mai unguwa, ko a harabar masallaci bayan la'asar, ko a taron ƙungiyar manoma, su tattauna al'amarin da ya dame su, su tashi ba tare da wani ya koma gida da miki a zuciyarsa ba. Ra'ayina kuwa, wanda zan kafa wa hujja gwargwadon iko, shi ne galibin majalisun da suke watsewa da husuma, alhakin watsewarsu yana wuyan wanda aka ɗora wa jan ragamar zaman, domin shi ne aka ba amanar raba magana, kuma duk inda ya karkata, nan zaman zai kife.

Wannan nauyi ya fi tsanani a gari irin namu. Jalingo, tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da ita mazaunin sarautarsa a 1893, har ta zama hedkwatar Jihar Taraba a 1991 bayan da aka raba tsohuwar Jihar Gongola, ba ta taɓa zama garin ƙabila ɗaya ba. Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa, Musulmi da Kirista, suna cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya, kuma idan sun haɗu a taro da Hausa suke magana, alhali ba kowa ne aka haifa da ita a baki ba. To, a duba abin da ke faruwa. Manomin doya, Bamumuye, ya miƙe zai faɗi kukansa game da shanun da suka shiga gonarsa. Yana neman kalma, ya ce "ya" inda ake cewa "ta". Sai samari a baya su kwashe da dariya, wani mai kaifin baki ya tsinke masa zance, shugaba kuwa ya yi murmushi ya ba mai kaifin bakin dama. Mutumin nan ya zauna, ya naɗe hularsa a hannu, bai ƙara cewa uffan ba. An tashi ana cewa an yi sulhu, amma hakikanin gaskiya ba a ji ɓangare ɗaya ba, kuma ƙorafin da aka hana shi fita a zaure a gona zai fita. Haƙƙin shugaba ne a wannan lokaci ya ɗaga hannu ya ce, "A yi shiru, baba bai gama ba," in ta kama ma ya nemo tafinta.

Magabatanmu ba su bar wannan babi fanko ba. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da laƙabi da mummunan zato da giba, ta kuma yi umarni da binciken labari kafin a yi aiki da shi, saboda haka idan wani ya kawo jita-jita a majalisa, tambayar farko da ta wajaba a kan shugaba ita ce, "A ina ka ji, wa ya gani?" Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shimfiɗa sharuɗɗan munazara a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya nuna cewa mai neman gaskiya kamar mai cigiyar abinsa da ya ɓata ne, ba ya damuwa ko shi ya tsinto ko abokin muhawararsa, sa'an nan ya lissafa cututtukan da jayayya ke haifarwa, irin su hasada da girman kai da riya. Amma misalin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi ratsa ni, shi ne na Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno, waɗanda suka yi musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin jihadi, yaƙi yana tsakaninsu, duk da haka da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kawo hujjojin abokin hamayyarsa a ciki kafin ya mayar da martani. Wanda ya adana maganar mai yaƙarsa a littafinsa, ina uzurinmu mu da muke ƙin sauraron maƙwabci minti biyar?

Game da horon wanda ya karya ladabin majalisa, tsarinsa sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami: nasiha a asirce tukuna, sa'an nan gargaɗi a bainar jama'a, sa'an nan a hana mutum magana a wannan zama, kora kuwa sai an rasa yadda za a yi. Wuyar aikin tana wajen daidaitawa. Idan attajirin da ya sayi tabarmin zauren ya yi zagi aka kau da kai, yaron da ba shi da kowa ya ɗaga murya aka fitar da shi, to ƙa'ida ta mutu a ranar, kuma kowa ya shaida mutuwarta. Haka nan bai halatta shugaba ya zama alƙali kuma mai ƙara a lokaci guda ba. Idan maganar ta shafe shi ko ɗan'uwansa, ladabi shi ne ya sauka ya ba wani kujerar har a wuce wurin.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin garinmu shi ne, kafin zamanku na gaba, ku rubuta ƙa'idojin majalisarku a takarda ɗaya, jama'a su amince da su, a riƙa karanta su a farkon kowane zama da Hausa da Fulatanci da Mumuyanci, kuma shugaba ya fara ɗaure kansa da su a gaban kowa.