Eriya Ita Ce Idon Makami

Jawabin da wani ɗalibi mai koyon injiniyan lantarki ya yi a taron ɗaliban ƙasar Kazaure a Achilafiya, lokacin hutu.



Duk wanda ya girma a nan ya saba ganin eriyar talabijin a kan gora, ana juya ta har hoto ya fito. Wannan eriya mai kama da ƙayar kifi wasu malamai biyu na Japan ne suka ƙago ta a 1926, Yagi da Uda. Ƙasarsu ba ta kula da ita ba. Sai da sojan Japan suka ci Singafo a 1942, suka sami takardun sojan Ingila, sannan suka ga ashe abokan gaba sun daɗe suna amfani da ita a rada, watau na'urar da ke hango jirgi tun yana nesa. Abin da nake so in jawo hankalinmu a kai ke nan: ƙasar da ta raina ilmin eriya, idon tsaronta yana hannun wani.

Yaya rada take aiki? Eriya takan harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi jirgi ko makami mai linzami, ta komo kamar amsa-kuwwa. Gudunta kilomita 300,000 ne a daƙiƙa guda, saboda haka in abin yana nisan kilomita 150, za ta je ta komo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Lokacin da ta ɗauka shi ke nuna nisa, inda eriya ta fuskanta kuwa shi ke nuna jiha. In eriya ta yi kuskure, makamin da aka harba don kariya zai bi iska.

Girman eriya ba a kan son rai yake ba. Iyayenmu sun kama Rediyon Kaduna a kan mita 49, kuma wannan lamba tsawon igiyar ne. Eriya mafi sauƙi rabin tsawon igiyarta ake yanka ta. Rada mai jagorar makami takan yi aiki da igiyar da ba ta wuce santimita 3 ba, don haka ƙwayar eriyarta ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Sai a jera dubbai a kan allo guda. Radar Patriot ta Amurka tana da ƙwaya fiye da 5,000, kuma ba a juya allon yayin da take lalube. Jinkirta igiyar wasu ƙwayoyin ake yi kaɗan, sai hasken ya karkata inda ake so cikin ƙiftawar ido.

Wahalar tana wajen ƙira. A irin wannan igiya, in farantin eriya ya lotsa da abin da ya wuce milimita 2, ganinta ya ragu. Wadda ke hancin makami kuwa dole a rufe ta da hular tangaran mai jure zafin gudu, wadda kuma ba za ta tare igiyar ba. Bayan haka sai a gwada ta a ɗakin da aka lulluɓe da soso mai tsini don kada bango ya mayar da igiya.

To, ina muke? A 1961 Amurkawa sun kafa tasha a Kano don bin sawun kumbonsu, kuma tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn ranar 20 ga Fabrairu, 1962. Da aikin ya ƙare aka rufe ta. A 2010 aka ƙaddamar da radar kula da sararin samaniyar Nijeriya a wurare tara, har da Kano da Talatar Mafara, amma kamfanin Thales na Faransa ne ya ƙera ta. Ko Tsaigumi, jirgi marar matuƙi da sojan samanmu suka nuna a Kaduna a 2018, da haɗin gwiwar wani kamfani na Fotugal aka yi shi. Lalle ci gaba ne, amma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya sayar maka da eriya ya san iyakar ganinta, ya san yadda za a makantar da ita, in kun ɓata kuma sai ya hana ka kayan gyara.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Achilafiya da makami mai linzami, alhali kuwa asibiti da ruwan sha muke nema? Tambaya ce mai kyau. Amma ilmin guda ne. Lissafin da ke ƙera eriyar rada shi ke ƙera ta wayar salula da ta hasashen damina. Ga mu kuma a bakin iyaka, sararin da ke kanmu sai an gan shi kafin a tsare shi.

Ba ina cewa mu ƙera Patriot gobe ba. Ina roƙon ɗalibanmu na jami'o'i da na Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, kowa ya zo hutu ya tara ƙannensa na sakandare, su lissafa eriyar Yagi a takarda, su sayo sandunan alminiyam, su kai wa mai walda, su gwada ta. In ba ta kama ba, su auna su gano dalili, kada su yar. Iyayenmu kuma ku taimaka, ku bar yaran da ke kwance rediyo su kwance, ku ƙarfafa musu gwiwa a kan lissafi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.