LACCA A KAN 'YAN TARU, GADON MATANMU NA ƘAUYE

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa, da iyayenmu mata, mun gode da kuka baro rumfunanku kuka zo sauraron wannan lacca.

Duk ran da muka ce matan ƙauye su haɗa kai su kafa ƙungiya, sai mu ji waɗansu manya suna cewa wai baƙon abu ne, wurin Turawa muka kwaso shi. To, yau ga tarihin 'Yan Taru, ku saurara ku yanke hukunci da kanku.

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a 1793, ta rasu a 1864, kabarinta kuwa yana Hubbare a Sakkwato. Ita ce matar Waziri Giɗaɗo, malama ce mai rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Da ƙurar jihadi ta lafa, sai ta ga matan ƙauye da yawa, har da waɗanda aka kamo wurin yaƙi, ba su da mai koya musu addini, in ciwo ya kama su sai bori. Ita kaɗai ba ta iya zaga ƙauyuka duka, saboda haka wajen shekarun 1830 ta yi dabara.

Ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa kowace jaji. Ku fatake kun san jaji, shi ne mai jan ayari, wanda ya san hanya da mashaya. Kowace jaji akan ba ta malfa, a naɗa mata jan rawani. Malfar nan kuwa a dā alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, Nana ta ɗauko ta ta mai da ita alamar ilmi.

Jaji takan tattara 'yan mata da tsofaffi, watau waɗanda goyo da hidimar gida ba su ɗaure ba, su tako da ƙafa har wurin Nana. Sukan riƙo ɗan abin hannu, kamar hatsi da zuma da man shanu, ita kuwa ta rarraba wa mabukata. Sa'an nan su hardace waƙoƙin da ta tsara a kan salla, da sunayen surorin Alƙur'ani, da tarihin Manzon Allah, su koma ƙauye su bi gida gida suna koya wa matan aure. Su ake kira 'Yan Taru. Da Nana ta rasu, ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma wannan taro bai watse ba.

Ku lura, jama'a. Ba baitulmali ya ɗauki nauyinsu ba, ba dogari ya koro su ba. Matan talakawa ne, da ƙafarsu da guzurinsu. Shehu da kansa, cikin littafinsa Nurul Albab, ya zargi malamai masu koyar da almajirai na waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ashe mai hana mace ilmi shi ne ya saki hanyar Shehu, ba mu ba.

Mun kuma ga abin da sakin hanyar nan ya jawo. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa kuwa ba a yarda musu ba sai 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka kafin a kai ga haka.

Saboda haka ga roƙonmu. Iyayenmu masu adashi, ran da kuka taru zubi, ku ware ɗan lokaci wadda ta iya karatu da lissafi ta koya wa saura, domin kada a riƙa cutarku wurin awo da bashi. Kowane reshen ƙauye ya nemi dattijuwa guda ta zama jajinsa. Ku kuma maza, kada ku tare ƙofa. Ranar zaɓe ƙuri'ar matarka da ta hakimi nauyinsu ɗaya, sai dai in ba ta san abin da take dangwalawa ba.

Allah ya ba talaka sawaba. Wassalamu.