Laifin Zama a Rukunin Ƙarfafa

A gasar besbol ta Amurka kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka. A 2021 Dodgers ta ci 106, amma ta ƙare ta biyu a rukuninta domin Giants ta ci 107. Ladanta? Aka tura ta wasa ɗaya tak na fitar da gwani da Cardinals. Atlanta kuwa, da nasara 88 kacal, ta tsallake wannan siraɗi saboda rukuninta ba ƙarfi, ƙarshe ma ita ta ɗauke kofin.

An yi wa tsarin kwaskwarima a 2022, amma har gobe zakaran rukuni ake sawa gaba ko da wata ta fi shi nasara. Ni dai a ganina, yawan nasara ya kamata a bi wajen jera ƙungiyoyin.