Gidan Kai Ya Fi Rumfar Haya: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Riƙon Shafin Intanet



Maganar yau a kan shafin intanet ce, irin wanda mutum ke buɗewa da sunan kansa, ya zuba rubutu da hotuna don duniya ta gani. Sau da yawa wani saurayi kan zo gaban hakimi da shawarar a buɗe irin wannan shafi, a sa tarihin gari, da jerin sarakunan da suka gabata, da hotunan aikin masu sana'a. Shawara ce mai kyau, amma wajibi ne hakimi ya san abin da zai sa hannu a kai, domin shafi gida ne, mai gida kuwa shi ne wanda mabuɗi ke hannunsa.

Rumfar Haya

Wani mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago hanyar shafuffukan nan cikin 1989, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a Turai. Cikin 1993 cibiyar ta saki hanyar kyauta, ko wa ya so ya gina nasa. Duk da haka mutane da yawa sun gwammace su zuba kayansu a dandalin manyan kamfanoni, don ya fi sauƙi. To, wannan zaman rumfar haya ne, ran da mai kasuwa ya ga dama sai a tashi. Cikin 2009 kamfanin Yahoo ya rufe dandalin GeoCities na Amurka, inda jama'a suka yi shekaru suna ajiya. Cikin 2019 kuma MySpace ya sanar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya ma'aji. Kayan aro ba ya rufe katara.

Suna, Fili Da Gini

Abu uku ke haɗuwa su zama shafi. Na farko suna, watau adireshin da a ke bugawa a iso wurin. A Nijeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa cikin 2005, ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, na Nijar kuwa da .ne su ke ƙarewa. Ba a sayen suna a mallake shi har abada, biya a ke yi shekara shekara. In aka yi sakaci wa'adi ya wuce, bayan ɗan jinkiri sai a sake shi ga duk wanda ya riga biya, ko da ɗan damfara ne, ya riƙa cutar mutane da sunan gari. Saboda haka lalle rajistar ta zama da sunan hakimi ko ofishinsa, da lambar waya da adireshin imel na ofis. In da sunan saurayin da ya yi aikin aka yi, ran da ya tafi neman aiki Ikko, ko aka saɓa da shi, gida ya tafi da shi.

Na biyu fili, watau wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, inda a ke ajiye kayan shafin. Shi ma haya ne, amma wanda ke riƙe da sunansa da kwafin kayansa ya iya ƙaura zuwa wani fili ba tare da baƙi sun ɓata hanya ba.

Na uku gini. Da HTML a ke jera rubutu da hotuna, shi ne tubali. CSS shi ne shafe da ado. JavaScript kuwa shi ke sa abubuwa motsi in an taɓa. Malamin da ya iya rubuta wasiƙa da tsari ba zai kasa koyon HTML ba. Wanda ba ya so ya faro daga tushe ya iya amfani da manhaja irin WordPress, wadda ta fito cikin 2003. Abu guda kada malami ya manta: ya sa a tsara shafin bisa ƙa'idar haruffa ta UTF-8, domin ƙ da ɗ da ɓ, har da ajami, su fito daidai. In ba haka ba sai ƙasa ta koma kasa, ko wasu alamomi marasa ma'ana su maye gurbinta.

Tsaro

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan kutse ba su damu da girman gari ko ƙanƙantarsa ba, na'urorinsu na zagayawa ne suna taɓa kowace ƙofa. Kalmar sirri ta zama doguwa, ba sunan gari ko shekarar naɗin sarauta ba, kada kuma a yi amfani da ita a wani wuri dabam. A ƙara kulle na biyu, watau lambar da ke fitowa a wayar mai shafi duk sa'ad da za a shiga. In masu manhaja sun aiko da gyara a sa shi nan da nan, gama yawancinsa toshe tsaga ne. Adireshin ya fara da https, alamar cewa abin da ke wucewa tsakanin baƙo da shafi a rufe ya ke. Let's Encrypt na ba da shaidar wannan kyauta. Wasiƙar da ta zo da gaggawa tana neman kalmar sirri, a ɗauke ta ta ɓarawo ce. Sa'an nan a riƙa kwafe kayan shafin duka, a ajiye wuri biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wani gida.

Har wa yau ba kowane abu na ofis a ke bajewa ba. Lambobin wayar talakawa, da takardun gado, da rigimar gonaki, amana ce. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara irin waɗannan bayanai.

Aikin Masu Sana'a

Zanen bango irin na Zariya, da rinin Ƙofar Mata a Kano, da aikin dukawa, da zayyanar allo, da ɗinkin aska takwas, duk abin nunawa ne. Amma aikin na mai shi ne. A nemi izninsa kafin a ɗauki hoto, a rubuta sunansa da garinsa da shekara a ƙarƙashi in ya yarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikin mai zane muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Duk hoton da aka iya gani an iya kwafe shi, don haka a ɗora ƙarami mai ɗauke da sunan mai aikin, a adana babban. Ƙaramin hoto kuma ya fi saurin buɗewa a wayar mutumin ƙauye, ba ya cinye masa kuɗi.

Abin Da Ya Rage Ga Hakimi

Ba a ce hakimi ya zama magini ba. Abin da ke kansa shi ne ya sa malaminsa ya buɗe littafi, ya rubuta wanda rajista ke sunansa, da ranar biya, da inda kwafi ya ke, da mutum biyu amintattu da suka san mabuɗi. A duba littafin nan kowace shekara kamar yadda a ke duba na kuɗi, a kuma miƙa shi ga wanda ya gaji kujerar. Wanda ya ga ba zai iya wannan ba ya dakata tukuna, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya taimaki hakimai, ya ba ƙasa lafiya. Amin.